Ku Tambaya Mu Amsa: Kwarin Spiti, Hamadar da ke Saman Duwatsu

Tun da muka buga hoton nan na fararen ɗakuna da suka hau kan juna a bisa wani tsauni, a fitowar da ta gabata, wasiƙu suke ta shigowa daga Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusiri da Njamena, har da na ɗalibanmu da ke karatu a Indiya. Hoton na gidan zuhudun Ki ne, wanda mabiya addinin Buda suka gina a kwarin Spiti, cikin jihar Himachal Pradesh a arewacin Indiya, dab da iyakar Tibet. Da yake na taɓa yin kwana goma sha ɗaya a wannan kwari, sai edita ya turo mini wasiƙun. Na haɗa masu kama da juna, na kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kun rubuta a ƙarƙashin hoton cewa wurin hamada ne, alhali ga kogi yana gudana, ga farar ƙanƙara a kan duwatsu. Na yi shekaru ina kai kaya Faya, kuma abin da na sani da hamada shi ne rairayi da zafin rana. Ta yaya hamada za ta yi sanyi? Kuma wanda ya saba da Sahara, akwai abin da zai ba shi tsoro a can? (Wani ɗan kasuwa, Njamena)

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Ƙarancin ruwan sama ne yake mai da ƙasa hamada, ko da zafi ko babu. Daminar Indiya tana tasowa ne daga teku ta kudu, tsakanin watan Yuni da Satumba, kuma idan hadari ya iso katangar tsaunukan Himalaya sai ya juye ruwansa a gefen kudu, inda ake da dazuzzuka da gonakin tuffa, busasshiyar iska kaɗai ta tsallaka. Spiti a bayan wannan katanga yake. Shi ya sa matafiyi yakan bar garin Manali da asuba cikin kore shar, kafin la'asar ya tsinci kansa a ƙasar da babu itacen da zai rataya buta, sai duwatsu masu launin toka da tsakuwa mai gangarowa.

Kogin da ka gani ba irin Mayo Kaliyawo na Marwa ba ne, wanda yake cika idan an yi ruwa, ya koma yashi da rani. Ruwansa na narkewar ƙanƙara ne, saboda haka rafukan da ke zuba a cikinsa suna ƙanƙancewa da asuba, su kumbura da yamma bayan rana ta gasa ƙanƙarar da ke sama. Wannan ruwa ne mutanen wurin suke janyowa ta siraran magudanai a jikin dutse zuwa 'yan gonakinsu na sha'ir da dankali da wani koren wake, su yi noma sau ɗaya tak a shekara. Duk inda ka hango kore, to akwai magudana a kusa, kuma taku biyu daga inda ruwanta ya tsaya ƙasa ta koma fako. Wanda ya san lambunan dabino na Faya ba ya bukatar a yi masa bayani. Mutane ma ƙalilan ne: a ƙidayar 2011, gundumar Lahaul da Spiti gaba ɗayanta mutum 31,564 ne, wato kimanin mutum biyu a kowace murabba'in kilomita.

Sanyin kuwa daga tudu yake. Njamena ba ta wuce mita 300 daga doron teku ba, Ngaundere da muke kuka da sanyinta ta ɗara mita 1,000 ne kawai, Emi Kusi kuma, dutsen da ya fi kowane tsawo a Sahara, can cikin Tibesti, mita 3,400 ne da ɗoriya. Kaza, babban garin Spiti, ya haura mita 3,600, ma'ana kasuwarsa da tasharsa da gidan mansa duk suna sama da ƙololuwar Emi Kusi. Gidan zuhudun da ke cikin hotonmu yana kan mita 4,166, ya ɗara Dutsen Kamaru. Da hunturunsu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, ruwa ya daskare a famfo.

Sabon da ka yi da Sahara zai amfane ka wajen tattalin ruwa da haƙurin doguwar hanya, rawaninka kuma zai kare maka fuska daga rana da ƙura fiye da kowace hula da ake sayarwa a can. Abin da Sahara ba ta koya maka ba shi ne sirantar iska, kuma a kansa tambaya ta gaba take.

Tambaya: Malam, ni ɗan Garwa ne, ina karatu a birnin Chandigar. Abokan karatuna sun shirya mu tafi ta Manali ranar Alhamis mu dawo Lahadi, sun ce tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse tafiyar ta zama ta yini guda. In bi su? (Wani ɗalibi)

Amsa: Ɗana, abokanka gaskiya suka faɗa, amma yini gudan nan shi ne matsalar. Hanya biyu ce take shiga Spiti. Ta Manali ita ce gajeriya, kimanin kilomita 200, kuma ta ƙara sauƙi tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse ta Atal, mai tsawon kilomita 9, a watan Oktoban 2020. Sai dai Manali yana kan mita 2,000 da 'yan kai ne, hanyar kuma tana haura mashigin Kunzum da ya wuce mita 4,500, sannan ta sauke ka Kaza ka kwana. Mota tana iya wannan hawa a yini ɗaya. Jinin mutumin da aka haifa a bakin Binuwai ba ya iyawa.

Ni ma ta nan na bi, na kuwa yaba wa aya zaƙinta. A Kunzum mun sauka ɗaukar hoto a tsakanin tutocin addu'arsu masu launi biyar, ban yi taku ashirin ba na ji ina haki kamar na ɗauko buhun masara, amma na ɗauka gajiyar mota ce. Mun isa Kaza da magariba, na ci abinci, na kwanta lafiya. Can tsakar dare na farka da ciwon kai kamar an naɗa mini ɗanyar fata tana bushewa, kuma duk lokacin da barci ya fara ɗibata sai in zabura ina neman numfashi. Da na sunkuya ruku'u a sallar asuba, sai da na dafa bango. Mai masaukina, wata dattijuwa da ba mu da harshen da ya haɗa mu, ta dubi leɓɓana da farcena, ta nuna gangaren kwarin da hannu, ta ce, "Tabo." Tabo ƙauye ne mai nisan kimanin kilomita 50, ƙasa da Kaza da 'yan ɗaruruwan mita. Kwana biyu na yi a can kafin kaina ya dawo nawa.

Ga abin da yake faruwa. Kason iskar oksijin bai canza ba, kashi 21 cikin ɗari ne a Garwa, haka yake a Kaza, amma nauyin iskar ya ragu, ta yadda kowane numfashi a Kaza yana kawo wa huhu kimanin kashi biyu cikin uku ne na abin da yake kawowa a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, sai dai yana bukatar kwanaki: numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su yawaita. Ƙa'idar da likitocin hawan dutse suke bayarwa ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Ƙarfin ƙashi da ƙuruciya ba sa tsare mutum, hasali ma samari sun fi faɗawa, domin su ne masu gudun hawa tudu ranar da suka sauka.

Saboda haka shawarata ita ce ka shiga ta ɗaya hanyar, wato ta Shimla, babban birnin jihar, ka fita ta Manali. Hanyar Shimla ta haura kilomita 400, tana bin kogin Sutlej ta cikin yankin Kinnaur, kuma tana hawa da kai mataki-mataki: ka kwana a Shimla, ka kwana a Rekong Peo ko Kalpa, ka kwana biyu a Tabo, sannan Kaza, sai bayan nan ka hau ƙauyukan sama irin su Kibber da Langza da Komik, da rana, ka sauko ka kwana a ƙasa. Tafkin Chandratal, da yake kan kimanin mita 4,300, ka bar shi sai ranar fita. Wannan tsari yana cin kwana takwas zuwa goma, kuma sannu ba ta hana zuwa. Da yake kai baƙo ne a ƙasar, akwai yankin hanyar da ke kusa da iyakar Tibet wanda sai da takardar izini ta musamman ake bin sa. Ana karɓar ta a ofisoshin hukuma na Shimla ko Rekong Peo ko Kaza, da fasfo da biza da hotuna, kuma za a duba ta a shingen Sumdo. Abokanka 'yan ƙasa ba a neman ta a wurinsu, shi ya sa ba za su tuna maka ba.

Hanyar Manali daga wajen Yuni zuwa Oktoba kaɗai take a buɗe, sauran watanni ƙanƙara ta toshe Kunzum. Ta Shimla kusan duk shekara ana bin ta, amma a Yuli da Agusta ruwan damina yakan zabtaro duwatsu a Kinnaur a yi yini ana jira. A ganina Satumba ya fi.

Abu biyu kuma ka haddace. Idan wani a cikinku yana haki alhali yana zaune, yana tari mai kumfa, to ruwa ne yake taruwa a huhunsa. Idan kuma yana tangaɗi kamar mashayi, ko yana magana ba kan gado, to ƙwaƙwalwa ce take kumbura. Dukansu biyun suna kisa cikin sa'o'i. Akwai asibitin gwamnati a Kaza da ake sa wa mutum oksijin, amma maganin gaskiya shi ne a sauka da shi ƙasa nan take, ko da tsakar dare ne, kada a ce a jira gari ya waye.

Tambaya: Malam, ɗana ne yake son zuwa wannan wuri idan an yi hutu. Lafiyarsa ƙalau, amma gwajin jininsa AS ne, ƙanwarsa kuma mai sikila ce. Hankalina bai kwanta ba. (Wata uwa, Marwa)

Amsa: Hajiya, rashin kwanciyar hankalinki yana da dalili, kuma na ji daɗi da kika kawo wannan magana, domin masu shirya irin wannan tafiya a Indiya ba kasafai suke tambayar baƙo nau'in jininsa ba. Mai sikila, SS ko SC, bai kamata ya kusanci irin wannan tudu ba sam, saboda ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwa uku da suke tayar da ciwon, kuma a Spiti sun haɗu wuri guda, nesa da babban asibiti.

Mai AS lamarinsa ya fi sauƙi, kuma da yawa sun hau duwatsu sun sauko lafiya. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kan tudu mai tsawo jinin mai AS yana iya lanƙwashewa ya toshe jijiyoyin saifa, musamman idan an hau da gaggawa, ko an wahalar da jiki, ko an bar ƙishirwa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har ya harba kafaɗa, tare da amai. Wanda bai sani ba zai ce abinci ne ya ɓata masa ciki, ya sha magani ya ci gaba da hawa. Don haka ya ga likita kafin ya sayi tikiti, ya faɗa masa tsawon wurin da lambobi. Idan likita ya amince, to ya bi ta Shimla kaɗai, ya yawaita shan ruwa, ya bar tseren hawan tudu, ya kuma gaya wa abokan tafiyarsa nau'in jininsa. Akwai ƙwayar da ake kira asetazolamid mai taimaka wa jiki ya saba da tudu, amma ba ta kare saifa, kuma ba a shan ta sai da izinin likita.

Ki sa a duba masa zazzaɓin cizon sauro da yawan jininsa idan daga gida zai tashi. Mutumin ƙasarmu yana iya ɗauke da ƙwayar zazzaɓi ta tashi a can, ciwon kanta ya yi kama da na tudu, a yi ta ba shi oksijin alhali maganin zazzaɓi yake bukata. Masu ciwon zuciya ko na huhu da masu juna biyu su ma wannan gargaɗi ya shafe su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wuraren da kuke yabawa ɗakunan gumaka ne. Ya dace Musulmi ya kashe dukiyarsa ya je kallonsu? Kuma me ke ciki da ya kai a yi wannan wahala? (Wani malamin makarantar allo, Ngaundere)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma ka fi ni sanin cewa malamai sun saɓa a kan shiga wuraren ibadar wasu idan akwai siffofi a ciki, wasu sun karhanta, wasu sun yi rangwame matuƙar ba ibada ko girmamawa ta kai mutum ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya a waje, kwarin kansa ya ishe shi kallo. Abin da zan iya shaida shi ne babu wanda ya nemi in rusuna, ko in kunna fitilar man shanu, ko in juya gangunan addu'ar da suke jerawa a jikin bango, kuma ban yi ko ɗaya ba. Abin da suka nema ladabin baƙo ne: cire takalmi, rage murya, kada a taɓa zane, kada a miƙe ƙafa ana nuna tafinta ga abin da suke girmamawa. Su suna kewaya gine-ginensu masu tsarki suna barin su a hannun dama, akasin ɗawafinmu da muke barin Ka'aba a hagu. Baƙo ba sai ya kewaya ba, amma idan hanya ta bi ta gefen irin wannan gini, ya wuce ta inda ba zai yi karo da masu kewayawa ba. Izgili kuwa aya ta 108 ta Suratul An'am ta riga ta hana mu shi.

Buda laƙabi ne na wani ɗan sarauta mai suna Siddarta Gautama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, fiye da shekara 400 kafin Annabi Isa, alaihis salam. Reshen addininsa da ake bi a Spiti na Tibet ne, haka harshen mutanen da rubutunsu, kuma jagoransu Dalai Lama yana zaune a Daramsala, cikin wannan jiha, tun 1960.

Idan wuri ɗaya za a gani, to Tabo ne. An kafa shi a 996, shekara uku kafin shekarar da ake lissafa Bagauda ya fara sarautar Kano, tun sarakunan Kanem ba su karɓi Musulunci ba. Sarkin Guge na yammacin Tibet, Yeshe O, shi ya ɗauki nauyin aikin, ana kuma danganta ginin ga Rinchen Zangpo, malamin da ya yi karatu a Kashmir ya fassara littattafansu daga Sanskrit, tsohon harshen Indiya, zuwa harshen Tibet. Akwai rubutu a jikin bango da ya ambaci gyaran da aka yi bayan shekara 46. Daga waje, wallahi, sai ka rantse tsohon gidan sarauta ne a ƙasar Hausa ko katangar Rai Buba: ginin ƙasa ne launin ƙasa, da gajerun ƙofofi da rufin soro a kan itatuwa masu kama da azara. Ciki duhu ne da sanyi da ƙamshin tsohuwar ƙasa, haske yana sauka ta wata 'yar kafa a rufi. Ɗan zuhudun da ya buɗe mini ƙofa ya bari sai da idona ya saba, sannan ya kunna 'yar tocila. Siffofi ne na yumɓu, sama da talatin, kowace girman mutum, shuɗi da ja da fari da rawaya, maƙale a tsakiyar bango kamar suna zaune a kan iska, ƙarƙashinsu kuma zane ya zagaye ɗakin yana ba da labari daki-daki. Ba a yarda a ɗauki hoto ba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai aikin magini ne. Mu da muke yaɓe duk bayan damina mun san abin da ruwan shekara guda yake yi wa katanga, ga tubali da fenti sun yi shekara dubu a tsaye, don kawai sama ba ta zubar da ruwa a wurin. Littattafansu ma warwara suke, ganye a kan ganye, tsakanin alluna biyu, a naɗe cikin ƙyalle, kamar yadda littattafan malamanmu na rubutun hannu suke kwance a gafaka.

Ki, wanda ke cikin hotonmu, shi ne mafi girma a kwarin. Ɗakunansa sun hau kan juna ne saboda an sha kai masa hari ana sake gini a kan kango, ciki har da farmakin rundunar Dogra, ta sarkin Jammu, a 1841 da girgizar ƙasar 1975. Da sassafe na ji yara masu jajayen mayafai suna biya karatu da ƙarfi, kowa da inda ya kai, kuma sautin ba zai zama baƙo a kunnenka ba, Malam. A al'adarsu ta dā babban ɗa ne yake gadon gona, ƙannensa a kai su gidan zuhudu, domin gonar da magudana ɗaya take shayarwa ba ta jure rabon gado. Dankar kuma, tsohuwar fadar sarakunan Spiti, tana rataye ne a kan wani gaɓa mai zaizayewa, sama da mahaɗar kogin Spiti da na Pin, har a 2006 aka sa ta cikin jerin wuraren tarihi ɗari na duniya da suka fi fuskantar rushewa.

A ƙauyen Langza, inda wani ƙaton mutum-mutumin Buda yake fuskantar kwarin, wani yaro ya buɗe mini tafin hannunsa, sai ga dutse baƙi mai siffar dodon koɗi a naɗe. Halittar teku ce da ta koma dutse, a wurin da ya haura mita 4,000, domin waɗannan duwatsu ƙasan wani teku ne kafin yankin Indiya ya yi karo da na Asiya, kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ƙasa ta tattare ta yi sama. A nan ne aya ta 20 ta Suratul Ankabut ta faɗo mini, wadda take umurni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta.

Tambaya: Malam, ni da maigidana ne muke niyya. Yaya batun abinci da salla? (Wata ma'aikaciyar jinya, Kusiri)

Amsa: Ƙanwata, nama ku haƙura da shi har ku dawo Delhi, domin ba za ku san wanda ya yanka ba. Ba za ku ji yunwa ba: shinkafa da miyar wake da gurasa suna ko'ina, akwai taliya cikin romon ganye da suke kira tukpa, da ɗan curin fulawa mai ciko da ake turarawa, mai suna momo, wanda za ku nemi na kayan lambu. Kayan kanti da ba su da nama ana yi musu alamar koren ɗigo a cikin murabba'i. Abincinsu na gargajiya, tsampa, garin soyayyen sha'ir ne da ake cuɗawa, ɗan'uwan dakuwa ne da aka hana shi yaji. Shayin da za a miƙo muku a kicin ɗin Ki, mai baƙin bango saboda hayaƙin shekaru, da man shanu da gishiri ake haɗa shi. Ku sa a ranku romo ne kuke sha, sai ya shiga. Ku yi hattara da wani farin abin sha mai kama da kunu da ake kira chang, giyar sha'ir ce. A Kaza ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 88, shi ya sa kowane gida yake da tukunya mai fito, kuma shayin maigidanki ba zai yi ƙarfin da ya saba ba. Ku tafi da dabino da gyaɗa, da man kaɗanya saboda leɓe da hanci.

Game da salla, ku yi Juma'arku a Shimla, kada ku sa ran masallaci a cikin kwarin. Ku lura cewa alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata kudu, don haka wanda ya ce zai fuskanci gabas kamar a gida ya ba Makka baya. Kuna da rangwamen ƙasaru matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Ku roƙi ruwan ɗumi don alwala, masu masauki ba sa hanawa, idan kuma babu, ana tsoron cuta, ga ƙasa mai tsarki ko'ina don taimama. Gidaje da yawa suna da ɗakin ibadarsu, sai ku yi taku sallar a ɗakin kwananku. Abu ɗaya da zai ba ki wahala shi ne makewayin ƙauye, wanda busasshe ne, ana zuba ƙasa ko toka, a kwashe a kai gona. Ba a zuba ruwa a ciki, saboda haka ki tambayi uwar gida inda za ki yi amfani da buta.

Tambaya: Da gaske ne akwai gawar da ta yi shekara ɗari biyar ba ta ruɓe ba? (Wani matashi, Garwa)

Amsa: Da gaske ne, ɗana. Tana ƙauyen Gue, ɗan ratse daga babbar hanya kusa da Sumdo, a cikin akwatin gilashi. Ta wani ɗan zuhudu ce da ake kira Sangha Tenzin, yana zaune a takure, haɓarsa kusa da gwiwa, ana ganin haƙoransa. Ba a naɗe ta ba irin na Masar, ta bushe ne, kuma sanyi da rashin laima na wurin sun taimaka. Ƙarama ce ƙwarai, minti biyar ya isa kallonta.

Tambaya: Malam, wanda zai tashi daga nan gida, me zai tanada? Kuma an ce akwai gidan waya a can sama. (Wani direba, Njamena)

Amsa: Malam direba, bayan fasfo da biza, wadda Indiya take da ofishin jakadanci a Njamena da Yawunde don neman ta, kada ka bar katin rigakafin shawara a gida. Chadi da Kamaru suna cikin ƙasashen da Indiya take neman wannan kati daga matafiyansu, kuma wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida. Jirgi yana tashi daga Njamena ko Yawunde ko Duwala, a sauya a Adis Ababa zuwa Delhi. Ka riƙe kuɗin Indiya a hannu kafin ka bar Shimla, domin na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa a kwarin, wayar salula ma tana ɗaukewa da zarar an yi nisa da manyan ƙauyuka. Wannan kada ya sa ka ɗauki wayar Thuraya irin wadda ake amfani da ita a hanyar Faya: dokar Indiya ta hana shiga da wayar tauraron ɗan'adam ba tare da izini ba, kuma ana kama mutane a filin jirgi a kanta.

Gidan wayar yana ƙauyen Hikkim, a kan kimanin mita 4,400, yana aiki tun 1983, kuma ana lissafa shi cikin mafiya tudu a duniya. Idan za ka aika kati gida, ka tafi da lambar akwatin gidan waya ta wani ɗan'uwa ko ta wurin aikinka a rubuce, tun da a garuruwanmu ba a bin gida-gida da wasiƙa, kuma "bayan babban masallaci, kusa da mai shayi" ba zai kai ta ba.